Shirun Sarauniya Elizabeth ya riƙe mata gadon sarauta, mu kuma ya riƙe mana haƙƙi

Akwai wani hoto da aka ɗauka ranar Talata 6 ga Satumba 2022 a gidan Balmoral can Sikotland, in ba ka taɓa ganinsa ba ka nema ka gani. Tsohuwa ce 'yar shekara 96 a tsaye gaban murhu, ta rame ta ƙanƙance, tana dogara sanda, baƙar jakarta rataye a hannu, bayan hannun ya yi duhu kamar jini ya kwanta, amma tana murmushi. A ranar Boris Johnson ya zo ya miƙa takardar ajiye aiki, yana fita Liz Truss ta shigo aka naɗa ta firaminista, ita ce ta 15 a hannunta. Na farkonsu Winston Churchill an haife shi a 1874, ita Truss 1975, wato shekara 101 tsakaninsu kuma mace ɗaya ce duk suka rusuna wa. Kwana biyu bayan hoton nan, ranar Alhamis, ta rasu.

Duk wanda ya ce wannan bai burge shi ba wallahi bai faɗi gaskiya ba. Ni ya burge ni, har yanzu ma yana burge ni. Amma tun da ta mutu mutanenmu suka rabu biyu, wasu suna ta jimami kamar kakarsu ce ta rasu, wai uwar duniya ta tafi, wasu kuma sai zagi da tsinuwa, wasu can gefe suna ta musu a kan ya halatta a yi mata addu'a ko bai halatta ba, aka bar ainihin maganar a ƙasa. Ni ra'ayina shi ne matar nan ta yi aikin da aka ɗora mata yadda ba kowa zai iya ba, sannan ta tafi da bashin wata magana da ya kamata ta faɗa wa mutanen Afirka, tana da dama, tana da lokaci har shekara 70, ba ta faɗa ba.

Bari in fara ba ta haƙƙinta, don ba na son a ce ƙiyayya ce ta sa ni rubutu.

Asali ma ba ita aka shirya wa sarautar ba. An haife ta 21 ga Afrilu 1926, babanta ƙanin mai jiran gado ne, ba wanda ya kawo a ransa za ta hau. Sai a 1936 yayan babanta Edward na Takwas ya ce shi fa sai ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiya da ta fito daga aure, coci da gwamnati suka ce ba za ta yiwu ba, ya ajiye rawanin ya bi matar. Haka sarauta ta faɗo kan babanta George na Shida, mutum mai kunya mai in'ina, ita kuma tana shekara 10 ta zama mai jiran gado. Ina ganin abin da ta gani a shekarar nan shi ya gina ta gaba ɗaya, ta ga yadda son zuciyar mutum ɗaya ya kusa rushe gidansu, sai ta ɗauki hanyar da ta saɓa da tasa har ta mutu. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu ta shiga rundunar mata ta soja ta koyi tuƙi da kanikanci, akwai hotunanta tana canza taya. A 1947 ranar da ta cika 21 ta yi jawabi a rediyo daga Cape Town ta yi alƙawarin cewa rayuwarta, ta yi tsawo ko ta yi gajarta, hidima za ta yi da ita. Alƙawarin 'yar shekara 21 fa, kuma ta riƙe shi shekara 75. Sai dai ka lura a jawabin nan daular Ingila ta ambata a matsayin gidan da za ta yi wa hidimar, kuma a lokacin mu ma muna cikin kayan daular.

Mu Hausawa mun san abin da ake nufi da sarki ya daɗe. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara 50, Ado Bayero ma haka, kuma duk wanda yake Kano a watan Yuni 2014 ya san yadda gari ke yin tsit in wanda aka tashi aka gani ya kwanta dama. To ita 70 ta yi da wata bakwai, ta wuce kakar kakanta Victoria tun 2015. Shi ya sa da na ga Turawa sun yi layi na kusan kwana guda a bakin kogin Thames cikin sanyi don kawai su gifta gaban akwatin gawarta ban yi mamaki ba, mafi yawansu ba su taɓa sanin wata fuska a jikin kuɗinsu ba sai tata.

Abin da ya fi taɓa ni a rayuwarta shi ne jana'izar mijinta Yarima Philip a Afrilu 2021, lokacin korona. Doka ta ce mutum 30 kawai, kuma a ba da tazara. Sarauniya guda, wadda da sunanta ake sa hannu a dokar, ta zauna ita kaɗai a benci a cocin Windsor da baƙin takunkumi a fuska, mijin da suka yi shekara 73 tare yana kwance a gabanta, ba ɗa ba jika a gefenta. Daga baya aka gano a daren jajibirin jana'izar ma'aikatan ofishin firaminista suna can suna shagali da giya, har sai da ofishin ya ba fada haƙuri. Shugaba ya bi dokar da aka sa wa talaka a ranar da ya fi kowa uzurin karya ta, wannan tarbiyya ce, kuma ni ina girmama ta.

Haka a harkar Afirka akwai wuraren da ta nuna zuciya. A 1961 ana ta tayar da bama-bamai a Accra, 'yan majalisar Ingila suna cewa kada ta je Ghana, ta ce sai ta je, ta je har ta yi rawa da Kwame Nkrumah a gaban kyamara, a zamanin da baƙar fata a Afirka ta Kudu da kudancin Amurka bai isa ya zauna benci ɗaya da Bature ba. A 1979 ma ta je Lusaka ta Zambiya duk da yaƙin Rhodesia, wato Zimbabwe ta yanzu, na ci a maƙwabta. A 1986 jaridar Sunday Times ta buga cewa fada ba ta jin daɗin yadda firaminista Thatcher ta ƙi a sa wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi. Mandela kuwa sunanta yake kira kai tsaye, Elizabeth, ba wani ranki ya daɗe. Duk wannan gaskiya ne kuma ban yarda a share shi ba.

To amma fa.

Ranar 6 ga Fabrairu 1952 da babanta ya rasu tana ina? Tana Kenya, ta kwana a wani masauki da aka gina a kan bishiya tana kallon giwaye. Turawa suna son ba da labarin nan, wai ta hau bishiya tana gimbiya ta sauko tana sarauniya. Abin da ba sa son ɗorawa shi ne wata takwas bayan nan, a Oktoba 1952, aka kafa dokar ta-ɓaci a Kenyar saboda 'yan Mau Mau da suka tashi neman gonakinsu da aka ƙwace. Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. An tara dubun-dubatar 'yan ƙabilar Kikuyu a sansanoni, an doke su, an yi wa mata fyaɗe, an dandaƙe maza, an rataye sama da mutum 1,000, cikinsu har da jagoransu Dedan Kimathi a 1957. A sansanin Hola a Maris 1959 an kashe fursunoni 11 da kulki, hukuma ta fara cewa wai gurɓataccen ruwa suka sha. Kotun da ta yanke hukuncin ratayar nan da sunan Sarauniya take zama, sojan da ya yi dukan hoton kambinta ne a hularsa. Wannan ba zamanin kakanninta ba ne, zamaninta ne, tana kan gado.

Da Turawa za su tafi sai suka ƙona takardu, waɗanda ba su ƙona ba suka kwashe suka ɓoye a wani gini a Hanslope Park, shekara da shekaru suna cewa babu. Sai a 2011, bayan wasu tsofaffin Kenya sun kai ƙara Landan, tsofaffi tukuf masu dogara sanda, aka tilasta wa gwamnati ta amsa cewa dubban fayil na nan. A 2013 aka biya mutum 5,228 fam miliyan 19.9, kuma cikin kuɗin har da na lauyoyi, ka raba da kanka ka gani, bai kai fam 4,000 kowane mutum ba. Mutumin da aka dandaƙe yana saurayi, bai haihu ba har ya tsufa, kuɗinsa kenan. Ministan harkokin waje William Hague ya tashi a majalisa ya ce suna nadama, amma ba su ɗauki alhaki a shari'ance ba. Jana'izar Sarauniya da hidimomin makokinta sun ci kusan fam miliyan 162.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta. Za a ce ai ita ba ta da iko, sarautar ado ce, 'yan siyasa ke mulki, ita sa hannu kawai take yi. Mu ma muna da irin wannan maganar, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba ita ta ba da umarnin Hola ba, kuma tsarinsu bai ba ta dama ta tashi ta ce ta ba da haƙuri a madadin ƙasa ba tare da gwamnati ta amince ba. Na yarda. Amma maganar cewa ba ta da ta cewa kwata-kwata, wannan kam ban saya ba, kuma ga dalilina.

Kowane mako firaminista yana zuwa ya zauna da ita su biyu, ba mai rubutu ba mai ɗauka, shekara 70 ana haka. Kullum sai an kawo mata jan akwati cike da takardun gwamnati har da na sirri, kuma kowa ya shaida tana karantawa. A 2021 jaridar Guardian ta tono cewa akwai wata tsohuwar al'ada da ke sa a nuna wa fada duk dokar da ta shafi muradunta kafin majalisa ta zartar, sama da dokoki 1,000 suka bi ta nan, kuma a 1973 lauyanta ya matsa aka gyara wani ƙudiri don kada jama'a su san yawan dukiyarta. Jaridar ta kuma fito da takardun da suka nuna a 1968 wani babban jami'in fada ya faɗa wa gwamnati cewa ba al'adarsu ba ce su ɗauki baƙar fata ko baƙi aikin ofis, sai dai aikin hidimar gida, kuma aka cire fadar daga dokar hana wariyar launin fata. A 2014 da Sikotland za ta yi ƙuri'ar ɓallewa, kwana huɗu kafin zaɓe ta fito daga coci ta ce wa wata mata tana fata mutane za su yi tunani sosai a kan makomarsu, jaridu suka ɗauka, daga baya David Cameron, firaministan lokacin, da bakinsa ya ce shi ya nemi fada ta ɗan sa baki. Ashe in abu ya shafi dukiyar gida ko haɗin kan masarauta ana samun hanyar magana.

Sannan akwai lambar girma ta Garter, ɗaya daga cikin mafiya daraja a Ingila, ita wannan ba ruwan firaminista, sarki ko sarauniya ke zaɓar wanda suka ga dama. Evelyn Baring, gwamnan Kenya na kusan dukkan shekarun ta-ɓacin nan, wanda Hola ta faru a ƙarƙashinsa, ta ba shi a 1972. Tony Blair na yaƙin Iraƙi ta ba shi a ƙarshen 2021, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu suna cewa a janye, ba a janye ba. Nan wane bafade za a ɗora wa?

Ga kuma mutanen tsibiran Chagos da ke tekun Indiya, waɗanda ba kowa ya san da su ba a wajenmu. Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe su kaf daga garinsu aka zubar a Mauritius da Seychelles don a ba Amurka sansanin soja a Diego Garcia, har karnukansu aka tara aka kashe da hayaƙi. A 2000 kotun Landan ta ce korar ta saɓa doka. A 2004 gwamnati ta zagaye majalisa ta bi ta ikon sarauta, aka kai wa Sarauniya takarda ta amince, aka sake haramta musu komawa. Eh, al'ada ce ta amince da abin da ministoci suka kawo. Amma sunan wa ke jiki?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Ireland, domin a can ne ta nuna ta san yadda ake yi. A Mayu 2011 ta je Dublin, rabon da wani sarkin Ingila ya taka can tun kakanta George na Biyar a 1911. Ta sa koren kaya, launin ƙasar. Ta je lambun da aka keɓe don tunawa da waɗanda suka mutu suna yaƙar masarautarta, ta ajiye furanni ta sunkuyar da kai. Ta je filin wasa na Croke Park inda dakarun Ingila suka buɗe wa 'yan kallo wuta a 1920 suka kashe 14. Da daddare ta fara jawabinta da yarensu, shugabar ƙasar Mary McAleese tana gefe baki buɗe, sannan ta ce in an waiwaya akwai abubuwan da za a so a ce an yi su daban, ko ma ba a yi su ba sam. Shekara ɗaya bayan nan ta miƙa hannu ta gaisa da Martin McGuinness, tsohon kwamandan IRA, ƙungiyar da ta kashe Lord Mountbatten kawun mijinta da bam a 1979. Wallahi wannan babban abu ne, ba ƙaramin mutum ke iya shi ba, kuma ya wanke zukata da yawa. To shi ne nake tambaya, sunkuyar da kai na daƙiƙa kaɗan da ya yiwu a Dublin me ya hana shi yiwuwa a Nairobi? Ta koma Kenya a 1972 da 1983, ba ta ba da haƙuri ba. Ko a Indiya da ta je Amritsar a 1997 ta cire takalmi ta ajiye furanni a inda sojojin mulkin mallaka suka buɗe wa jama'a wuta a 1919, haƙurin dai bai fito ba, amma aƙalla an je. Mu ko zuwan ba a yi ba. Ireland maƙwabta ne, Turawa ne, kuma suna da abin da za su iya hana Ingila barci da shi, mu kuma an san ko ba a ba mu haƙuri ba za mu fito mu yi tafi.

Kuma mun yi tafin. Mutane da yawa ba su san cewa ita ce Sarauniyar Najeriya ba, da wannan sunan, daga 1 ga Oktoba 1960 har 1 ga Oktoba 1963 da muka zama jamhuriya, kanta ne a jikin sulallanmu. Ta zo a farkon 1956 ta yi kusan mako uku, Legas, Kaduna, Jos, Enugu, Fatakwal, Ibadan, Kano. A Kaduna aka yi mata hawan daba irin wanda tsofaffi ba su daina ba da labarinsa ba, Sardauna yana firimiya, sarakunan Arewa kowa ya zo da dawakinsa da 'yan lifidinsa da 'yan sulke, kakaki da algaita na tashi, mahaya suka zaburo a guje suka ja linzami a gabanta suka ɗaga hannu suna jinjina. Ba na zargin iyayenmu, karamci ne da siyasa, ana neman mulkin kai kuma kowa ya san da wa yake magana. Amma ka lissafa, daga 1903 zuwa 1956 shekara 53 ne kacal. A cikin taron nan akwai dattawan da suna yara lokacin da igwar Turawa ta fasa ƙofar Kano aka kama Sarki Alu aka kai shi Lokoja ya mutu a can, lokacin da aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi da ɗaruruwan mutanensa, sauran suka yi gabas, jikokinsu na nan a Mai Wurno a Sudan har yau. Akwai waɗanda suka san Satiru kafin 1906, kafin a kashe mutanenta a baje garin, kuma abin takaici da hannun namu a ciki. Duk da sunan Sarki Edward na Bakwai aka yi, kakan babanta. Kuma a daidai shekarun da ake wannan hawan, 'yan NEPU suna shan bulala da ɗauri a hannun 'yan doka da alƙalan En'e, a ƙarƙashin tsarin da Razdan ke lura da shi.

Da ta dawo a Disamba 2003 taron ƙasashe rainon Ingila a Abuja zamanin Obasanjo, saboda tsaro ba a kai ta kasuwar gaske ba, wata kasuwa da BBC ta gina a Karu ta jihar Nasarawa don wasan kwaikwayon rediyo aka kai ta ta zagaya. Haka ta zo ta koma, Najeriyar da aka share aka yayyafa wa ruwa ta gani.

'Yan'uwanmu Ibo kuma nasu ciwon daban ne, kuma ya kamata mu 'yan Arewa mu iya saurarensu ko da ba mu yarda da duk abin da suke faɗa ba. Gwamnatin Ingila ta Harold Wilson ta sayar wa gwamnatin tarayya makamai a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sama da mutum miliyan ɗaya suka mutu, yawanci yara da yunwa ta kashe. Mu a ɓangaren tarayya muke, iyayenmu sun yi yaƙin don ƙasa ta zauna ɗaya, amma wanda ya binne ƙannensa saboda kwashiyoko ba za ka tilasta masa ya yi makoki a ranar da kake so ba.

Wani zai ce to mene ne laifinta a abin da kakanni suka yi. A musulunce ma ba a kama wani da laifin wani, haka ne. Amma a musuluncen dai in mutum ya mutu ba a raba gado sai an biya bashi, magaji bai isa ya rungume gida da gona ya ce bashin ba da shi aka ci ba. Sandar sarautar da aka ɗora kan akwatin gawarta, ƙaton lu'ulu'un da ke kanta daga dutsen Cullinan aka yanko shi, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. An gaji sandar, an gaji fadoji da filaye, kuma bisa yarjejeniyar 1993 abin da sarki ya bar wa sarki ko harajin gado ba a biya a kansa, alhali talakan Ingila in gadonsa ya wuce wani adadi kashi 40 ake cira. In an karɓi wannan ɓangaren na gadon to ɗayan ma sai a karɓa.

Ko a cikin gidanta shirun nan ya sha cutar da mutane. A 1966 da tulin ƙasar ma'adinin kwal ya rufto kan makarantar firamare a Aberfan ta Wales ya kashe mutum 144, yara 116 a ciki, sai da ta yi kwana takwas kafin ta je. A 1997 da Diana tsohuwar matar ɗanta Charles ta mutu ta zauna a Balmoral kwanaki, jama'a suna kuka a ƙofar Buckingham suna tambaya ina Sarauniyarmu, sai da abin ya kusa zama fitina ta sauko ta yi jawabi. Ɗanta Andrew kuwa, da abotarsa da Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka kama da lalata da ƙananan yara, ta jawo masa ƙarar lalata da yarinya, zargin da ya musanta amma ya sasanta da kuɗi a Fabrairu 2022, wata ɗaya bayan nan shi ta zaɓa ya riƙo ta zuwa cikin coci a taron tunawa da Philip, duniya na kallo. Uwa ce, na gane, ɗa ɗa ne ko ya lalace. Amma a duka ukun nan Turawa sun yi ƙorafi da ƙarfi, a na Diana har sun sa ta canza, ba wanda ya ce musu rashin ladabi ne. Mu ne in ɗayanmu ya ɗaga murya sai a ce ba a zagin mamaci. Faɗin abin da ya faru a zamanin mulkin mutum ai ba zagi ba ne, kuma zagin ni ma ban goyi bayansa ba, waɗanda suka riƙa yi mata fatan azaba tana kan gadon mutuwa sun ɓata hujjarsu da kansu.

Laifin kuma ba na Landan kaɗai ba ne, dole in faɗi wannan. A 1973 da Janar Gowon ya kai ziyara Ingila, kyautar da ya kai mata kan tagulla ne na Benin, na asali, wanda aka ɗauko daga gidan tarihi na Legas. Ka ji fa, kayan da muke kuka an sace mana a 1897, ɗan abin da ya rage mu da kanmu muka ƙara musu. Shugabanninmu sun sha shiga keken doki da ita, Gowon, Shagari a 1981, Babangida a 1989, an ci abinci an yi hoto an dawo. Wanda bai nema ba ba zai ce an hana shi ba. Tsofaffin Kenya da suka samu ɗan abin da suka samu ai kotu suka je, da sandunansu, suka tsaya a ƙofar kotun Landan cikin sanyi.

Yanzu ɗanta Charles ne a kai. A Oktoba 2023 ya je Nairobi ya ce abin da aka yi wa mutanen Kenya abin ƙyama ne da ba shi da hujja, kuma yana baƙin ciki da nadama matuƙa. Ya fi uwarsa faɗa, wannan gaskiya ne, kuma ya nuna cewa dama maganar tana faɗuwa, rufin fada bai rufto ba don an faɗe ta. Amma ba da haƙuri a hukumance har yanzu babu. A taron ƙasashe rainon Ingila na 2024 a Samoa ƙasashen Karebiyan suka matsa har aka sa batun diyyar cinikin bayi a takardar bayan taro, gwamnatin Starmer ta ce ita ba za ta biya ba. Barbados tun 2021 ta sauke sarautar ta zama jamhuriya. Jamus ta dawo mana da kayan Benin a Disamba 2022, gidan tarihin Birtaniya kuwa yana nan yana fakewa da wata dokar 1963.

Najeriya ce ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka a cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, ɗanmu Emeka Anyaoku ya riƙe sakatarenta shekara goma, ba mu da dalilin zama 'yan rakiya. Abin da nake so in gani shi ne gwamnatinmu ta bi sahun ƙananan tsibiran Karebiyan, ta kai maganar a rubuce, ta nemi a buɗe mana duk takardun da aka kwashe, a dawo da kayan da ke hannunsu, kuma sarkin da ya gaji sandar ya zo ya tsaya ya ba da haƙuri da sunan wuraren, Benin 1897, Burmi 1903, Satiru 1906, matan Aba 1929, da masu haƙar kwal 21 da 'yan sanda suka harbe a Enugu a 1949.